Neman shawara: aikin makarantar ɗana na abu mai haske a duhu

Wata uwa, daga Jidda:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana mai shekara 11 ne ustazun kimiyya ya ba su aiki, kowa ya ƙera abu mai haske cikin duhu a gida, ya rubuta matakan da ya bi irin na injiniyoyi. Sati biyu aka ba su. Na sayo masa taurarin robar nan da ake mannawa a silin, ya lilliƙa a kwali ya ce ya gama. Ni dai hankalina bai kwanta ba, ban ga abin da ya koya ba. Babansa direba ne, sai dare yake shigowa. Don Allah a ba ni shawara.

Malamar makaranta, daga Madina:
Wa alaikumus salam Hajiya. Da gaskiyarki, ado ya yi. Injiniya daga matsala yake farawa. Ki tambaye shi, wa duhu ke wahalarwa a gidan nan?

Mai tambaya:
Ai kuwa akwai, Malama! Kakarsa tana tashi alwala kafin asuba, ba ta kunna fitila don kada ta tashi yara, sai dai ta bi bango tana lalube.

Malamar:
To ga aiki ya samu. Ya yi wa Kaka alamar hanya daga gadonta zuwa banɗaki. Ku kafa masa sharaɗi: haske ya kai asuba, kuɗi kada ya wuce riyal 20, kuma kada ya sa santsi a ƙasa. Ya zana dabara biyu ko uku a takarda kafin ya taɓa almakashi, ya je ya tambayi Kaka inda ta fi tuntuɓe. Sai gwaji. In na farko ya lalace, ki daure ki kama bakinki, ya nemo dalili da kansa ya rubuta. Shafin nan na "bai yi ba, ga abin da na canza" shi muka fi ba wa maki. Mu malamai kallo ɗaya muke gane aikin da uwa ta yi da hannunta.

Mai gyaran lantarki, daga Makka:
Hajiya, kayan nan masu haske a duhu iri biyu ne. Akwai tsohon sinadari, zinc sulfide, wanda ya fi yawa a kayan wasa masu araha, haskensa ba ya jimawa. Akwai strontium aluminate, wanda kamfanin Nemoto na Japan ya fito da shi a 1993, shi ne ke kai sa'o'i. Dukkansu haske suke sha su riƙa sakinsa a hankali, don haka sai an ciyar da su da haske. Rana ta fi komai, farin ƙwan lantarki ya fi mai ruwan ɗorawa. Ku ɗauki kore, ido ya fi ganinsa. In zai gwada da ƙaramin ƙwan LED, batirin CR2032 bolt 3 ne, doguwar ƙafar ƙwan ita ke taɓa gefen da ke da alamar +. Soket kam kada ya kusance shi.

Ma'aikaciyar jinya, daga Jidda:
Yaya, in akwai mai rarrafe a gidan a bar batirin nan mai kamar kwabo. Yaro ya haɗiye shi, cikin sa'a biyu yana iya ƙona maƙoshi, sai asibiti a guje. Sandunan hasken da ake lanƙwasawa ma kada a yanka, akwai siririyar kwalba a ciki.

Wani dattijo:
Shi fentin ba ya cutarwa? Na ji na agogunan da guba ne.

Mai gyaran lantarki:
Baba, wancan sinadarin radiyam ne, shi ya kashe mata masu fentin agogo a Amurka wajen shekarun 1920. Na yanzu babu shi, a dai kiyaye baki da ido.

Ɗalibin injiniya, daga Riyad:
Anti, kada ya auna da hoton waya, kyamara tana ƙara haske da kanta. Ya ƙirga taku nawa yake hango alamar da ƙarfe 10, da 12, da kafin kiran salla. Ya zauna cikin duhun kamar minti 20 tukuna, ido sai ya saba. Kuma idon Kaka ba irin nasa ba ne, ita za a tambaya.

Mai tambaya, bayan kwana huɗu:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Daren farko taurarin sun mutu tun kafin mu kwanta, ya yi ta ƙunƙuni. Shi da kansa ya gano lungun ba ya samun rana. Yanzu ya yanka katuna masu igiya ya lilliƙa taurarin a kai, yana shanya su a taga da la'asar ya rataya bayan isha'i. Kaka ta ce na bakin ƙofa ya yi mata sama, ita ƙasa take kallo. Malam na Makka, mai jimawar nan, me zan ce wa mai shago?

Mai gyaran lantarki:
Ki je shagon kayan gini ki ce salatif ɗin fosfori na matakala, wanda ake liƙawa a hanyar fita in gobara ta tashi. Ki rufe shi da tafin hannu ki leƙa kafin ki biya, wani mai ƙyalli ne kawai, sai an haska shi yake nunawa.