Yadda Jiki Ke Sabawa da Ɗaga Ƙarfe

A wata tattaunawa da matasa masu ɗaga ƙarfe suka yi a Samaru, Zariya, an fi jaddada cewa ƙarfin da ake samu a makonnin farko daga jijiyoyi yake fitowa, domin ƙwaƙwalwa ce ke koyon sarrafa tsoka, ita kuwa tsokar ba ta cika nuna kauri ba sai bayan makonni 6 zuwa 8. Saboda haka kada mai farawa ya karaya.

Sun ba da shawarar ƙara nauyi kaɗan-kaɗan, ko da gwangwanin siminti ake ɗagawa, tare da bai wa kowace tsoka hutun awa 48, wanda a ganina shi aka fi wasa da shi. Ciwon jiki yakan tsananta a rana ta biyu, sannan ya lafa. Wake, ƙwai, nono da isasshen barci su ke gina tsokar.