Shawarwari kan darasin zane da aikin hannu a ajin firamare

Malamar CE1, Garwa: Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana malamai na wannan zaure. Ina neman shawararku a kan darasin zane da aikin hannu. Tun komawa makaranta a watan Satumba nake riƙe da ajin CE1, wato aji uku na firamare, yaran sun haura tamanin, kuma abin da kowannensu ya mallaka bai wuce allon hannu da alli da littafi da biro ba. Tsarin karatun da ma'aikatar ilimin firamare ta Kamaru ta fitar a 2018 ya ba fasaha gurbinta, ga shi kuma darakta yana so kowane aji ya baje aikin yaransa a makon bikin matasa na 11 ga Fabrairu. Abin da na tarar ana yi shi ne malami ya zana mangwaro ko tutar ƙasa a babban allo, yara su kwafa. Da me zan fara, kuma da waɗanne kaya, tun da ba zan iya ɗora wa iyaye sayen fenti ba?

Tsohon darakta, Gider: Wa alaikumus salam, 'yata. Shawarata ta farko ita ce ki daina riga yaran yin zane a babban allo, domin duk ranar da kika zana mangwaro, naki mangwaron za su dawo miki da shi sau tamanin, kuma babu wanda zai ɗaga ido ya dubi na gaske. Ki sa kowane yaro ya tsinto ganye biyu a hanyarsa ta zuwa makaranta, ɗaya na dogon yaro, ɗaya na mangwaro. Kafin kowa ya taɓa alli, ki tambaye su: wanne ne bakinsa yake da haƙora kamar zarto, wanne ne mai santsi, ta ina jijiyar tsakiya ta bi, kuma ƙananan jijiyoyin sama suka nufa ko gefe? Sai bayan sun amsa su zana a allon hannu, su ɗaga miki, su goge, su sake. Allon hannu ya fi takarda amfani a wannan mataki saboda yaro ba ya tsoron kuskure a kan abin da zai iya gogewa. Mako na gaba ki kawo buta, na bayansa takalmi, sannan ƙwarya da ludayi. 'Yan SIL da CP kuwa, wato aji ɗaya da aji biyu, yashin harabar makaranta ya ishe su, su ja layi da da'ira da yatsa tun kafin hannunsu ya iya riƙe alli sosai.

Batun takarda ba zai gagara ba a ƙasar da ake yin siminti a Figil. Ki roƙi magina su tara miki buhunan takarda, ki ɗauki shafin tsakiya wanda bai taɓa siminti ba, ki goge shi da ɗanyen tsumma ke da kanki. Masu shaguna kuma suna zubar da kwali kullum.

Malamin CM2 (aji shida), Marwa: Baba ya gama magana a kan kallo, ni kuma zan taɓa launi, domin a gidan dukawa na tashi kuma ban ga ana sayen launi a kanti ba sai da na girma. Malama, ja yana cikin karan dafi, wanda da shi ake rina jar fata a nan Marwa; a jiƙa ɓawonsa a ruwan zafi da ɗan kanwa. Rawaya tana cikin gangamau. Baƙi gawayi ne da aka daka ya yi laushi aka tankaɗe. Jar ƙasa da farar ƙasa kuwa sai dai a tace su da ƙyalle a bar su su kwanta. Kowanne daga cikinsu yana bukatar ruwan ƙaro kaɗan domin ya kama takarda, in ba haka ba da ya bushe zai kakkaɓe. Abin shafawa kuma asuwaki ne da aka daddaka bakinsa, ko gashin kaza, ko auduga a kan tsinke.

Wanda yara suka fi so shi ne zoɓo. Ki dafa shi da kauri, ki raba gida uku: ɗaya ki bar shi yadda yake, ɗaya ki matsa masa lemon tsami ya ƙara ja, na ukun ki zuba masa ruwan kanwa su ga ya juye ya koma shuɗi-shuɗi mai duhu zuwa kore. Darasin kimiyya ke nan ya shigo ba tare da an kira shi ba. Sai dai launin zoɓo yana dusashewa da sauri, don haka kada ki yi aikin baje koli da shi tun Disamba, kuma ki tsaya a kan kofunan, domin akwai waɗanda za su shanye darasin.

Uban yara, Ngaundare: Ni ba malamin boko ba ne, amma 'ya'yana suna firamare da safe, da yamma kuma suna makarantar allo, shi ya sa nake bin wannan zaure. Ina so in tuna wa Malama cewa da yawa cikin yaran da ke gabanta sun riga sun san tawada, sun ga yadda ake fiƙe alƙalami, wasu ma sun ga allon zayyana a wurin saukar yayyensu. Zayyana aiki ce ta layi da murabba'i da da'ira da daidaita ɓangaren dama da na hagu, kuma ana sa mata launi ja da rawaya da kore. Idan kika gayyaci mai zayyana ya nuna musu yadda yake raba fuskar allo kafin ya sa launi, iyaye za su saki jiki da darasin. Na faɗi haka ne saboda akwai iyayen da ba sa son a sa 'ya'yansu zana mutum ko dabba, kuma malamai sun yi maganganu mabambanta a kan haka. Ba aikinki ba ne ki raba wannan gardama a aji. Ki ba da zaɓi kawai: wanda zai zana saniya ya zana, wanda zai zana bishiya ko rumbu ko dagi ya zana, maki ɗaya ne.

Malamar CP, Njamena: Ina gaishe ku daga wannan gefen kogi. Abin da Alhaji ya faɗa haka yake a wurinmu, kuma ba da zaɓi ya kashe mana maganar. Ni yumɓu nake ba da shawara, musamman yanzu da ruwa ya janye daga bakin kogi. Kusa da mu akwai ƙauyen Gawi na Kotoko, inda mata suke gina tukwane da randuna kuma suke yi wa bangon gidaje ado da launin ƙasa, ga kuma gidan tarihi a tsohuwar fadar sarki mai ɗauke da kayan yumɓu na mutanen Sawo, tsoffin mazauna yankin tafkin Chadi. Yaron da ya ga waɗannan ya daina ɗaukar wasa da laka a matsayin ɓata tufafi. Ku a Garwa kuna da bakin Binuwai, kuma ba za ku rasa mai ginin tukwane a unguwa ba. Abin da za a kiyaye shi ne bushewa: a cuɗa yumɓun da dakakken tsingaro, kada kaurin abin ya wuce yatsa, a shanya a inuwa a rufe da tsumma, domin iskar hunturu tana tsattsaga shi cikin yini guda idan an bar shi a fili. Batun gasawa kuwa a kai wa mai tukwane ta haɗa da nata, kada a hura wuta a makaranta.

Malamin CM2, Marwa: Baba, a gafarce ni, akwai inda ban bi ka gaba ɗaya ba. Ka ce a daina kwafa, alhali duk mai sana'ar da ke cibiyar masu aikin hannu ta Marwa da kwaikwayo ya koya. Ɗan dukawa yana shekaru yana maimaita adon maigidansa kafin a bar shi ya ƙirƙiro nasa, haka mai ɗinkin hula, haka mai saƙar faifai. Idan muka ce kowane yaro ya zana abin da ya ga dama, ina tsoron hannunsu ba zai taɓa faɗawa ba.

Tsohon darakta, Gider: Malam, maganarka tana kan hanya, amma abubuwa biyu ne muke haɗawa. Ado yana da ƙa'ida, kuma ƙa'ida da maimaici ake koyonta. Wannan ban hana ba. Littattafan yaranmu ma masu gida-gida ne, sun dace da wannan aiki: a kawo hula ko faifai ko tabarmar kaba, yara su ƙirga gidaje su fitar da adon, su ga inda yake komawa farko, sannan a ce kowa ya canza abu ɗaya tak a cikinsa. Abin da na ƙi shi ne kwafar zanen malami na abin da yaro zai iya gani da idonsa. A nan kusa da mu, a Bidzar, akwai da'irori da aka sassaƙa a kan dutsen marmara tun zamanin da babu wanda ya rubuta sunan masu yin su, wasu a cikin wasu, wasu a jere. Na sha nuna wa yara hotonsu in ce su ci gaba daga inda mai sassaƙar ya tsaya, kuma ban taɓa samun amsa biyu iri ɗaya ba.

Malamin CM1 (aji biyar), Yagwa: Ina so in ƙara ɓangaren tsara abu domin amfani, wanda ake yawan mantawa da shi. Gidajen Musgum na Pus da kewaye, waɗanda aka gina da laka zalla masu tsini sama, misali ne da ya fi kowane littafi. Tudun-tudun da ke jikin bangon ado ne a ido, amma su ne matakalar da magini yake takawa ya hau ya ƙarasa ginin ko ya gyara shi, kuma su ne suke rarraba ruwan sama kada ya ci bangon ta wuri guda. Nakan nuna hoton in tambayi yara amfanin tudun, sannan in ba su matsala su warware da karan dawa da kwali: murfin randa da ƙura ba za ta shiga ba, ko abin ajiye alli da ba zai kife ba. Sharaɗin shi ne su zana abin a takarda kafin su ƙera shi, in sun gama kuma su gwada su faɗi inda ya gaza. Yaran da suke ƙera motar kara a gida sukan yi fice a nan, ko da su ne na baya a Faransanci. Ga 'yan CE1, Malama, ki sauƙaƙa: hatimin buga ado ya isa. Ki yanka tsohon silifa ko dankali ke da kanki, kada reza ta shiga hannun yaro, su kuma su tsoma a launi su buga a jere a kan takardar buhu.

Malamar CE1, Garwa: Allah ya saka muku da alheri, na samu fiye da abin da na roƙa. Saura abu biyu. Yaya zan ba da maki ba tare da na karya zuciyar wanda hannunsa bai faɗa ba, kuma yaya mutum ɗaya zai raba launi ga yara tamanin ajin bai koma kasuwa ba?

Malamar CP, Njamena: Yaya, kada ki raba wa kowa a rana ɗaya. Ki kasa ajin rukuni-rukuni bisa layin bencina, rukuni ɗaya ya yi launi a kan tabarma a gindin bishiya, sauran suna zane a allon hannu, mako mai zuwa a juya. Kowane rukuni ya sami mai kula da kofuna da mai kawo ruwan wanke hannu, kuma a riƙa sauya su tsakanin maza da mata, kada wanke-wanken ya zama na 'yan mata kullum. Launi biyu sun isa a zama guda.

Tsohon darakta, Gider: A kan maki, kada ki auna kyau, domin kyau ra'ayinki ne kuma yara suna saurin gane wanda malama take so. Ki duba ko ya kalli abin da aka ajiye masa, ko ya cika takardar ko ya maƙale a kusurwa, ko ya kai aikin ƙarshe, da kuma ko zai iya faɗin abin da ya yi da bakinsa, da Faransanci ko da Hausa ko da Fulatanci. Kada ki gyara zanen yaro da jan biro; idan akwai abin nunawa, ki nuna a allonki na hannu. Bahago ki bar shi da hagunsa, ki dai zaunar da shi a ƙarshen benci ta hagu domin kada gwiwar hannunsa ta riƙa karo da ta maƙwabcinsa. Ki ajiye zanen kowane yaro na wannan wata da sunansa da kwanan wata, domin da shi za ki gwada na Fabrairu. Ranar baje kolin kuma ki rataya aikin kowa a igiya, ba na mutum goma da kika zaɓa ba, saboda kowane uba da ya shigo sunan ɗansa zai fara nema.

Malamin CM2, Marwa: Malama, idan za ki yi jerin aiki, ki sa yumɓu a gaba tun yana samuwa a bakin kogi, ganye da buta su biyo baya, launi da hatimi kuma a Janairu. Ruwan ƙaron ki jiƙa shi daren jajibirin darasi, ki tace, kuma kada ki haɗa fiye da na mako guda, domin yana tsami idan ya daɗe. Karan dafi in bai samu a kasuwar Garwa ba, ki yi mini magana in ba direban mota ya sauke miki a tasha.