Neman shawara: kyamarar cikin baki ta ƙi aiki da manhajar hotunan haƙori

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ƙaramin asibitin haƙori a Unguwar Rimi, kuma kwanan nan na sayi kyamarar cikin baki mai jonuwa ta USB, domin marasa lafiya su riƙa ganin kogon haƙori ko kumburin dasashi da idonsu, tunda da yawa ba sa yarda a yi musu ciko sai ciwo ya hana su barci. Idan na buɗe manhajar Camera ta Windows 11 hoto yana fitowa tangaran, amma a manhajar da muke adana hotunan marasa lafiya baƙin allo kawai nake gani, maɓallin ɗaukar hoto da ke jikin kyamarar ma ba ya yin komai. Kwamfutar tana nesa da kujera, shi ya sa na ƙara doguwar waya. Mai sayarwa ya ce in canza manhaja, alhali hotunan shekaru suna cikinta. Ina neman shawararku.

Amsar wani injiniyan na'urorin asibiti daga Kawo:
Wa'alaikumus salam, Likita. Tunda hoto ya fito a manhajar Camera, kyamararka lafiyarta ƙalau. Yawancin irin waɗannan kyamarori suna bin tsarin UVC, wato tsarin bai ɗaya na kyamarorin USB, don haka Windows yana gane su ba tare da an ɗora direba ba, wato manhajar da ke haɗa na'ura da kwamfuta. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, izinin da Windows ke ba manhajojinsa daban yake da wanda yake ba manhajojin da aka ɗora daga waje. Ka shiga Settings, sai Privacy & security, sai Camera, ka kunna izinin desktop apps, wato manhajojin da aka ɗora daga waje. Sannan ka rufe manhajar Camera gaba ɗaya, haka ma Zoom ko WhatsApp na kwamfuta, domin galibi manhaja ɗaya ce ke riƙe kyamara a lokaci guda. A cikin manhajar hotunan kuma ka duba wurin zaɓen na'ura, saboda idan kwamfutar tana da kyamararta ta asali, sau da yawa ita ake fara kamawa. In manhajar ba ta karɓar bidiyo kai tsaye ta DirectShow, wato tsarin bidiyo na Windows, to ta hanyar TWAIN za a bi, wato tsarin karɓar hoto daga na'urori irin su sikana, wannan kuwa sai an ɗora direbansa. Shi maɓalli matsalarsa daban ce: yana bukatar wata ƙaramar manhaja daga kamfanin kyamarar, wadda ke mayar da dannawa ta zama umarnin da manhajar hotunan ta sani.

Amsar wata likitar haƙori daga Barnawa:
Na yarda da Injiniya, amma doguwar wayar nan ta fi damuna. Iyakar wayar USB 2.0 mita 5 ce, idan aka wuce haka hoto yakan daskare ko ya ɓace ana tsakiyar duba mutum. Ka fara gwadawa da gajeriyar wayar da ta zo da ita, a ramin USB na bayan kwamfuta. Idan nisan ya zama dole, ka nemi waya mai ƙara ƙarfin sigina ko hub (na'urar ƙara ramukan USB) mai wutarsa. Ka kuma kashe USB selective suspend (tsarin da ke sa ramin USB barci don adana wuta) a saitin wuta, ka sa wa kwamfutar UPS, wato batirin da ke riƙe ta idan an ɗauke wuta, domin 'yan daƙiƙoƙin nan tsakanin ɗauke wuta da tayar da janareta sun isa su lalata fayil.

Amsar wani dattijon likita daga Tudun Wada:
Ƙanena, kada ka taɓa manhajarka saboda maganar mai sayarwa, wanda bai ko duba saitinta ba. Abin da nake jiye maka shi ne, idan ta ci gaba da gardama, ma'aikata za su koma ɗaukar hoto da manhajar Camera suna tarawa ba suna, har a wayi gari ba a san bakin wane ne ba. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ke bukatar kulawa ta musamman, saboda haka kowane hoto ya shiga fayil ɗin mai shi, kuma kada a tura wa kowa ba da izininsa ba. Kafin ka ɗora kowane direba, ka kwafe ma'ajiyar hotunan a wani faifai na waje. Ledar rufin kyamara kuma sabuwa ga kowane mutum, domin ba a sa kyamarar a tukunyar turara kayan aiki.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Izinin desktop apps ne a kashe, ina kunnawa hoto ya fito da gajeriyar waya, kuma na yi kwafin da Baba ya ce. Saura maɓalli. Injiniya, idan kamfanin bai ba da wannan ƙaramar manhaja ba, shin madannin ƙafa na USB zai iya maye gurbinsa?

Injiniya:
Zai iya, Likita, muddin manhajar hotunan tana da harafin ɗaukar hoto a allon rubutu. Ka nemo wannan harafin a saitinta, ka saita madannin ƙafar ya riƙa aika shi, hannunka ma ba zai girgiza hoton ba.