RTX 3080 ɗina na kai digiri 86 a zafin Kano, na ƙara fanka uku amma shiru

Ɗan Hotoro:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan harka, don ni kam dabarata ta ƙare.

A watan Disamba na haɗa kwamfutar wasa bayan na shekara ina tari. Katin hoton RTX 3080 ne na hannu, furosesa Ryzen 7 5800X da fankarsa mai doguwar hasumiya, fawa saflai mai wat 850. Kes ɗin kuwa, wato akwatin kwamfutar, ba zan yi muku ƙarya ba, kyau ne ya ruɗe ni: gilashi a gefe, gilashi a gaba, fitilu kala-kala kamar wurin kamun amarya. Fanka uku ne a gaba, a bayan gilashin, iska tana isa gare su ta wasu 'yan tsagogi a gefe da faɗinsu bai kai ɗan yatsa ba. Sai fanka ɗaya a baya.

Lokacin hunturu ban ga matsala ba, katin yana tsayawa a digiri 73 ko 74. Tun da Maris ya shigo labari ya canza. Ɗakina a saman bene yake, rufin kwano, ma'aunin da na rataye a bango yana nuna 38 bayan la'asar. In na shiga wasan Warzone, minti ashirin bai cika ba katin ya hau 86, fankokinsa su ɗauki kuka kamar injin markaɗe, hoto ya fara sarƙewa daidai lokacin da ake harbina. Shekaranjiya Hajiya ta leƙo tana tambaya ko janareta na tayar a ɗaki.

Abin da na yi: na sayi fanka uku masu milimita 120 na jera su a saman kes ɗin, duka suna fitar da iska. Digiri ɗaya kacal ya sauka. Ƙura kuma ta ƙaru, har ta bayan kes inda ba fanka ko ɗaya.

To yanzu me ya rage? Wani abokina ya ce sai na koma sanyaya da ruwa, wani ya ce in buɗe katin in canza man ɗauke zafi da ke kan guntun tsakiya, wato ƙwaƙwalwar katin. Aljihuna ba zai ɗauki na farko ba, na biyun kuma tsoro nake ji.

Mai Gyara Zariya:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ajiye sukundireba tukuna, kada ka buɗe katin. Fara gane lissafin ɗakinka.

Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki kawai take ɗauka ta wuce da ita ta kan ƙarfe. Saboda haka duk digirin da ɗaki ya ƙara, katin ma zai ƙara kusan irinsa. Bidiyoyin da kuke kallo na Turawa a ɗaki mai digiri 21 ko 22 suke gwaji. Kai kana 38. Tun kafin ka danna maɓallin kunnawa an ba ka ratar digiri 16. Wanda ya ga 70 a can, kai 86 za ka gani da kaya iri ɗaya. Ka ga ke nan ba dole ba ne katinka ya lalace.

Sannan dubi yawan wutar. RTX 3080 wat 320 yake ci, furosesar taka in ta matsa tana haura wat 100 da kyau. Haɗa da sauran kaya, kusan wat 500 ke nan, kuma dukkansa zafi yake komawa. Kamar ka kulle rabin dutsen guga a akwatin gilashi. Kafin a kwashe wat 500 ba tare da iskar ciki ta fi ta waje da digiri 10 ba, sai kusan mita kubik 150 na iska sun ratsa kes ɗin a kowace awa. Fanka mai kyau ta milimita 120 tana tura wajen 90 ne idan babu abin da ya tare mata gaba. Naka ukun gilashi suke sumbata.

Ga kuskuren fankokin sama. Yanzu kana da huɗu masu fitarwa, uku masu shigarwa da aka shaƙe wa wuya. Kes ɗin dole ya nemo iska ta kowace kafa, shi ya sa ƙura take bi ta baya inda ba rariya. Fankar saman da ta fi kusa da gaba kuma ɓarauniya ce: 'yar iskar da ta shigo, kafin ta kai ga katin ta zuƙe ta ta yi sama da ita.

Yi min gwaji uku yau da daddare in an kawo wuta. Cire gilashin gaba ka yi wasa rabin awa, ka rubuta zafin. Ka kunna turaren tsinke ka kai shi bakin kowace fanka ka ga inda hayaƙi yake bi. Ka sauke manhajar HWiNFO mai nuna zafin kayan kwamfuta, ka duba layin zafin ma'adanar katin, wato memorinsa, da layin wuri mafi zafi a guntun, ba lambar da wasa yake nuna maka kaɗai ba. Kuma faɗa min gaskiya, a ina kwamfutar take zaune?

Sarkin Fifa:

Haba oga, duk wannan dogon karatu na mene ne? Ɗan Hotoro, cire murfin gefe ka kafa mata fankar tsaye, magana ta ƙare. Shekarata biyu a haka. In ƙura ta taru ka kai wa mai faci ya busa mata iska, naira nawa ne.

Mai Gyara Zariya:

Sarki, fankar tsaye tana aiki, ban musa ba, amma a garin da ake share tsakar gida sau biyu a rana kana ciyar da katin ƙasa ne da cokali. Batun mai faci kuwa a bar shi. Tankin injinsa yana tara ruwa, wani lokaci har da mai, kuma ƙarfin iskar yana juya ƙananan fankoki fiye da ƙima har ya kashe musu boris. An sha kawo min irinsu. Ƙaramar bulowa ta hannu ta isa, ka riƙe fiffiken fankar da yatsa kana busawa.

Maman Hanan Kaduna:

Sannunku. Ni ba 'yar wasa ba ce, bidiyon biki nake tacewa, amma kati irin naka nake amfani da shi kuma da inbata nake aiki rabin yini, don haka kowane wat ina jin sa a jikin batir.

Malam Ɗan Hotoro, kafin ka kashe ko sisi ka rage wa katin abinci. Waɗannan katunan daga masana'anta ana tura musu lantarki da yawa don a tatso ɗan saurin ƙarshe, kuma wannan ɗan saurin shi ne mafi tsada wajen zafi. Buɗe MSI Afterburner, manhajar saita katin hoto. Hanya mai sauƙi ita ce ka ja iyakar wuta daga kashi 100 zuwa kashi 80. Hanyar da ta fi kyau kuma, ka danna Ctrl da F, jadawalin lantarki da saurin katin zai fito, ka kama ɗigon milibolt 850 ka ɗaga shi zuwa wajen megahaz 1800, ka shimfiɗe duk abin da ke damansa ya zama layi ɗaya. Nawa a haka yake cin wat 240 zuwa 250 maimakon 320, kuma da ido ban taɓa ganin bambanci ba. Kowane kati da halinsa, in wasa ya rufe kansa ka sauko da megahaz 15 ko 30 ka sake gwadawa. Ba ya ƙona komai, ragi kake yi ba ƙari ba.

Wata magana kuma. Ka ce na hannu ne. Bayan Satumbar 2022 da kuɗin kirifto na Ethereum ya daina amfani da katunan hoto wajen haƙa, katuna da yawa da suka yi shekara biyu suna aiki dare da rana sun shigo kasuwa. Haƙar nan ma'adana take gasawa, ba guntun tsakiya ba. Don haka ka ɗauki maganar Malam ta HWiNFO da muhimmanci.

Ɗan Hotoro:

Allah ya saka da alheri, na dawo da rahoto, har da abin kunya a ciki.

Malam, kwamfutar a ƙarƙashin tebur take, a kan kafet, bayanta manne da bango. Da na ɗaga ta na tarar rariyar fawa saflai ta zama kamar bargo. Turaren tsinke kuma ya tona min asiri: fankar gaba ta ƙasa, wadda take daidai saitin katin, a juye take. Ni na cire ta a Janairu don in gyara wayar fitila, na mayar da ita da ɓangaren sandunan nan huɗu yana kallon waje saboda ya fi min kyau a ido. Ashe ta ɓangaren sandunan iska take fita. Wata uku tana kwashe iskar katin tana watsa wa gilashi.

Ga lambobin, duk a ɗaki mai digiri 36 zuwa 37 da daddare. Yadda take a da, 85. Da na juya fankar na ɗora kes ɗin a kan tebur nesa da bango, 82. Da na cire gilashin gaba, 75. Wallahi sai da na tashi tsaye na sake dubawa. Da na bi hanyar Maman Hanan, milibolt 850 a megahaz 1785 don 1800 ya ƙi zama, sai ga 68, fankokin katin kuma sun bar kuka. Maman Hanan, girmanki ne.

Na cire fankokin sama guda biyu na bar ta ukun da ke can baya kaɗai. Ɗaya daga cikinsu na ɗaure ta a ƙasan kes tana hura katin kai tsaye. Gaban kuma ban mayar da gilashi ba, na yanko ragar taga na manna da 'yan maganaɗisu. Ba kyau ko kaɗan, ƙanwata ta ce ya koma kejin tantabaru.

Abin da ya rage shi ne ma'adana. Kafin gyaran 110 take nunawa, yanzu tana yawo tsakanin 100 da 102. Wuri mafi zafi a guntun kuma yana gaban zafin tsakiya da digiri 12. Wannan lafiya ne?

Mai Gyara Zariya:

Madalla. 110 ɗin nan ita ce take sarƙe maka hoto, domin ma'adanar katin nan, irin GDDR6X, in ta kai nan katin yana taka burki da kansa don ya kare ta. Ratar digiri 12 a guntun ba laifi, man da ke kansa bai mutu ba. Da na ga 20 ko sama da haka da na ce a canza.

102 ba za ta kashe katin yau ko gobe ba, amma tazarar da ke tsakanin 68 da 102 ta yi faɗi, alama ce 'yan katifun da ke tsakanin ma'adana da ƙarfen sanyaya sun bushe. Canza su yana taimakawa sosai, sai dai wurin ne mutane suke ɓata kati. Kaurinsu ya bambanta daga samfuri zuwa samfuri, wani milimita 1.5, wani 2, wani ma gauraye a kati ɗaya. In ka sa mai kauri fiye da ƙima zai ɗage ƙarfen daga kan guntun, ma'adana ta yi sanyi guntu ya ɗau zafi sosai. Ka nemo ainihin awon samfurinka kafin ka kwance sukuru ko ɗaya, kuma ka tanadi sabon mai, don da zarar ka raba su tsohon ya gama aiki.

Ni da ni ne, zan bar shi haka har damina ta sauka in ga inda lambar za ta tsaya. Ragar tagar nan kuma ƙwari take tarewa, ƙurar hunturu wucewa za ta yi abinta. Kafin Nuwamba ka samo rariya mai laushi irin ta kwamfuta, ka riƙa wanke ta duk Juma'a ta biyu, ka tabbata masu shigar da iska sun fi masu fitarwa ƙarfi.

Sarkin Fifa:

To ni dai na ji. Ɗan Hotoro, fankar da ta rage maka guda ɗaya, nawa za ka bar min?