Tambaya: haraji ne ya tayar da Amurkawa a kan Ingila, ko kuwa wani abu daban?

Assalamu alaikum malaman tarihi. Ga inda lissafi ya ƙi yi mini daidai, a taimaka.

An saba cewa nauyin haraji ne ya sa yankuna 13 na Amurka suka yi wa Birtaniya tawaye. To amma dokar sukari ta 1764 rage kuɗin fito ta yi a kan dafaffen ruwan rake, daga kwabo 6 zuwa kwabo 3 a galan, sai dai ta tsaurara karɓa. Harajin hatimi na 1765, wanda aka ɗora a kan takardun shari'a da jaridu, an soke shi a 1766. Na Townshend (ministan kuɗin Birtaniya a lokacin) na 1767 kuma, a kan gilashi, darma, fenti, takarda da ganyen shayi, an janye shi a 1770, saura kwabo 3 a kan kowace laba ta shayi kawai.

Mafi ɗaure kai ita ce dokar shayi ta 1773. Ta bai wa Kamfanin Gabashin Indiya, wani kamfanin kasuwanci na Birtaniya, damar kai shayi Amurka kai tsaye, farashi ya sauko, amma ranar 16 ga Disamba mutanen Boston suka zubar da akwati 342 na shayin a teku. Wa ke fushi da araha?

Ni dai na fi karkata ga cewa rigimar iko ce, tunda ba su da wakili a majalisar Landan, ita kuwa ta ce a 1766 tana da hurumin yi musu doka a kan komai. To ina za a sa 'yan fasa-ƙwaurin shayin Holan da ciniki ya kuɓuce musu, da dokar 1763 da ta hana zama yamma da duwatsun Apalachiya? Wanne ya fi nauyi kafin Birtaniya ta rufe tashar jiragen ruwa ta Boston a 1774?