Kifin ado da zafin Afrilu idan an ɗauke wuta

Wata uwa daga Ƙofar Ƙaura:
Salamu alaikum 'yan uwa. Kifayen yarana guda shida ne a tankin gilashi, jajayen nan da ake kira golfish. Shekaranjiya wuta ta kwana ba ta dawo ba, da asuba na tarar duk sun taso sama suna buɗe baki, biyu sun riga sun mutu. Autana har yanzu bai daina kuka ba. Don Allah ya kuke yi da naku a wannan zafin?

Wani malami daga Daura:
Sannu Hajiya, Allah Ya mayar da alheri. Iska ce ta ƙare musu. Ruwa in ya ɗumama ba ya riƙe iska kamar mai sanyi, ga injin da ke hura iska cikin ruwan ya tsaya. Golfish kuma ya fi son ruwan da bai wuce digiri 24 ba, mu ko a nan rana tana kai 40. Ni moɗa nake sawa in ɗebi ruwan tankin in kwararo shi daga sama, sau goma ko fiye, duk bayan awa guda. Da wahala, amma shekara uku ke nan ban yi asara ba. Ranar da babu wuta kuma ba na ba su abinci, don kashinsu da ragowar abincin su ke lalata ruwan.

Wata ɗaliba daga Rafindaɗi:
Anti, ki nemi ƙaramin injin iska mai USB. Da fawa bank nawa yake kwana.

Wani tela daga Ƙofar Marusa:
Ni kuskuren da na yi bara, na tausaya musu na juye ruwan duka na cika da na famfo. Kafin la'asar babu ko ɗaya, sinadarin kulorin da ake sa wa ruwan famfo ya gama da su. Yanzu sai ruwa ya kwana a randa, ya sha iska ya yi sanyi, sannan in canza kashi ɗaya cikin huɗu kawai. In zafi ya tsananta nakan ɗora ledar fiya wata mai ƙanƙara a kan ruwan ba tare da na fasa ta ba, don sanyin ya shiga a hankali.

Uwar ta dawo:
Na gode ƙwarai. Ashe ma a bakin taga tankin yake, rana na dukansa tun hantsi. Yanzu muka matsar da shi ƙuryar falo, na kuma cika randa. Huɗun sun koma ƙasa suna yawo.