In sayi TV mai 4K ko in ci gaba da tsohuwata?

Abu Hanif: Salam jama'a. Ina da inci 43 Full HD, ta daɗe amma lafiyarta ƙalau. Na ɗan samu canji, raina ya biya da wata inci 55 mai 4K da na gani a Sabon Gari. Daga kujera zuwa bango kamar mita uku ne. Ƙwallo nake kallo a DStv, uwargida kuma Arewa24 da YouTube. Waɗanda suka canza, don Allah kun ga bambancin da ya kai kuɗin?

Sadiq Fagge: Sayi Samsung kawai ka huta.

Maman Iman: Wa alaikumussalam. Ni dai in aka ambaci 4K gabana faɗuwa yake. Kuɗin adashina na kwashe kaf na sayo inci 55, ko wata ba ta yi ba aka kawo wuta cikin dare da ƙarfin tsiya, sai dai muka ji tas, falo ya ɗau ƙaurin roba, ɗan jan fitilar nan ma ya mutu. Na kai shagon da rasit da katin garanti, yaron ya ce Hajiya garanti bai shafi wuta ba. Mai gyara ya canza bod, ta kama, amma da layi kore tun daga sama har ƙasa, wai sai an sake gilashin, kuɗinsa kuwa ya kusa na sabuwa. Tana nan cikin kwalinta bayan wadirof, mun koma ƙaramar ɗakin yara.

Ummu Sultan: Allah ya mayar da alheri yaya. Ba ki sa stabilaiza ba ne?

Maman Iman: Akwai shi wallahi, tare suka tafi.

Sadiq Fagge: Nawa suka ce maka? Ni dubu 480 na sayi tawa.

Ɗan Zariya: 480 a ina? Satin nan 620 aka ce min kuma ba ragi.

Baban Walid: Tokunbo 300 ma za ka samu.

Injiniya Musa: Malam Abu Hanif, 4K ɗigo 3840 ne a 2160, ninki huɗu na Full HD, amma sai abin da ka ba ta. Dikodar HD iyakarta 1080, wato Full HD, TV ɗin shimfiɗa hoton kawai za ta yi ya cika fuska, tashar da ba HD ba ma har ta fi muni a babbar fuska. 4K na gaske sai irin su YouTube ko Netflix, shi kuma Netflix yana iya cin 7GB a awa ɗaya kuma yana son intanet mai 15Mbps. A mita uku da inci 55 da wuya idonka ya raba su. Girman ne za ka ji daɗinsa.

Sadiq Fagge: Injiniya wannan karatun takarda ne, ni tana falona, ciyawar fili ma daban take.

Injiniya Musa: Daga inci nawa ka taso?

Sadiq Fagge: 32. Amma ai mai abu shi ya san abinsa.

Ummu Sultan: A saurari Maman Iman dai, ita ta ji a jikinta.

Ɗan Zariya: Abu Hanif in Man U kake yi ka zauna a 1080 ɗinka, kar ka ga ƙwallayen da ake zura muku tar-tar 😂

Baban Walid: Ku bar batun hoto, wutar fa? Tun Afrilun 2024 da aka kai Band A, wato rukunin masu biyan kuɗin wuta mafi tsada, naira 225 duk yunit, unguwarmu aka jefa ciki, wai awa 20 a rana, jiya ko rabin haka ba mu gani ba amma mita sai zuƙa take.

Maman Iman: Mu ko mitar ba mu da ita, bil suke kawowa na ƙiyasi, watan da suka ƙona min kaya ma sai da suka kawo.

Abu Hanif: To jama'a, in saya ko in bari?

Baban Walid: Wa ya san inda ake kai ƙara a sauke unguwa daga Band A? Mun rubuta takarda ta hannun mai unguwa, har yau shiru.